Tsakanin Tony Montana da ɗan Yayata: Wanne ne fim ɗin ƙwaya?

A zangon karatun da ya gabata wani ɗalibina na ajin ƙarshe ya shigo ofishina riƙe da takardu biyu, ya ce ya zaɓi batun da zai rubuta kundin digirinsa a kai, wato yadda fina-finai ke nuna shaye-shaye. Ya jero sunayen fina-finai arba'in da ya tsinto a intanet, na Amurka da na Indiya da 'yan kaɗan na gida, ya rubuta a samansu da manyan baƙaƙe cewa waɗannan su ne "fina-finan ƙwaya". Na karanta jerin har ƙasa, sannan na tambaye shi abin da ya haɗa Scarface da Requiem for a Dream har suka kwana ɗaki ɗaya. Ya ce, "Malam, ai duka akwai ƙwaya a ciki." Na ce to, ai duka akwai mota a ciki, me ya hana ka kira su fina-finan mota? Ya yi dariya, ni ma na yi. Amma bayan fitarsa na daɗe ina jujjuya takardun, domin na gane cewa ni da na yi tambayar ba ni da amsar da zan iya tsayawa a kanta gaban kwamitin jarrabawa.

Mai karatu zai iya cewa wannan gardamar malaman jami'a ce, waɗanda in ba su sami abin musu ba sai su ƙirƙiro. Da ma haka ne da na huta. Amsar wannan tambaya ita ke gaya wa mai tace fina-finai inda zai sa almakashi, ita ke gaya wa uba abin da zai hana a kunna a falonsa, kuma, kamar yadda na gani da idona a cikin danginmu, ita ke zana wa uwa hoton ɗan ƙwaya a zuciyarta, hoton da za ta riƙa gwada ɗanta da shi ta ce bai yi kama ba.

Majigi da kayan maye tare suka yi rarrafe. Tun a 1894, lokacin da fim bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba kuma mutum ɗaya ke leƙa shi ta cikin akwati, kamfanin Thomas Edison ya ɗauki wani mai suna Chinese Opium Den, wato ɗakin mashaya ofiyom na 'yan Sin. Sunan kaɗai ya isa ya nuna wata ɗabi'a da ba ta bar masana'antar ba har yau, ta jingina maye ga baƙo, ga mutumin da ba namu ba. Da fim ya yi ƙarfi a Amurka, sai manyan kamfanonin Hollywood suka rubuta wa kansu ƙa'idar ladabi a 1930, suka fara aiki da ita da gaske a 1934, kuma daga cikin abubuwan da ta haramta har da nuna fataucin miyagun ƙwayoyi. Duk da haka a 1936 Charlie Chaplin ya sulale ta ƙarƙashin ƙofa: a Modern Times wani fursuna ya ɓoye farar hoda a cikin kwalbar gishiri, Chaplin ya barbaɗa a abincinsa bai sani ba, ya tashi da ƙarfin da ya murƙushe masu yunƙurin fasa gidan yari shi kaɗai. Babu wanda ke kiran Modern Times fim ɗin ƙwaya, kuma da gaskiyarsu. Hodar ta zo ne ta ba da dariya ta wuce.

Wanda ya fasa ƙofar gaba ɗaya shi ne Otto Preminger. A 1955 ya fitar da The Man with the Golden Arm, inda Frank Sinatra ya fito a matsayin mai raba katin caca da ya dawo daga gidan yari ya rabu da allura, yana burin zama makaɗin ganga, amma unguwarsu da tsohon dilansa suka ja shi ya koma ruwa. Masu ƙa'idar suka hana fim ɗin hatiminsu, kamfanin United Artists ya sake shi haka nan, jama'a suka cika sinimomi, kuma kafin ƙarshen 1956 aka yi wa ƙa'idar kwaskwarima aka sassauta haramcin. Wanda ya kalli fitowar da aka kulle Sinatra a ɗaki yana karkarwa, yana birgima a ƙasa domin jikinsa na neman abin da ya saba, ba zai yi shakkar irin fim ɗin da yake kallo ba.

Daga nan na samo ma'aunin da na ba ɗalibina da ya dawo. Na ce masa ya ɗauki kowane fim a jerinsa ya zare ƙwayar daga cikin labarin, ya sa wani abu a gurbinta. Idan labarin ya tsaya da ƙafarsa, to ƙwayar baƙuwa ce a gidan. Idan ya rushe, ita ce ginshiƙi.

Scarface ne ya fara faɗuwa wannan jarrabawa, kuma tarihin fim ɗin kansa ne ya ba da shaida a kansa. Wanda matasanmu suka sani shi ne na 1983, wanda Brian De Palma ya ba da umarni, Oliver Stone ya rubuta, Al Pacino ya fito a matsayin Tony Montana, ɗan gudun hijira daga Kyuba da ya sauka Miami a 1980 ba ko sisi, ya gina daula a kan hodar iblis. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne maimaici ne. Na asali ya fito a 1932, na Howard Hawks, kuma hajar da jarumin ke kashe mutane a kanta giya ce, domin a lokacin Amurka na cikin dokar haramta barasa da ta yi aiki daga 1920 zuwa 1933. An cire giya an sa hoda, labarin bai ko girgiza ba: talaka mai zafin zuciya, hawa cikin gaggawa, zargin kowa, kishin 'yar'uwa, faɗuwa cikin ruwan harsashi. Da za a sake shi a yau a ce zinaren haƙar ɓoye ne ko makamai, haka zai tafi. Gaskiya ne Tony ya koma shaƙar hajarsa har ya cusa fuska cikin tulin hoda a kan tebur, amma haɗama ce ta kashe shi, kuma ya zo da ita tun daga jirgin ruwa. Haka The French Connection na 1971, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau: hirowin ce ake safara daga Marsel ta Faransa zuwa Amurka, amma fim ɗin na ɗan sanda ne da taurin kansa, da wuya ka tuna fuskar mashayi guda a cikinsa. Irin waɗannan fina-finan fatauci ne. Ƙwaya a cikinsu kuɗi ce da ba a riga an canza ba.

Sai kuma waɗanda ba su cikin jerin ɗalibina alhali su ya kamata su buɗe shi. The Lost Weekend na Billy Wilder, 1945, labarin marubuci ne da ya kwashe kwanaki yana buguwa, yana ɓoye kwalba a cikin fitilar rufi, yana yawo titi-titi da keken rubutunsa yana neman inda zai jinginar, sai ya tarar shagunan duk a rufe. Turawa ba kasafai suke lissafa shi cikin fina-finan ƙwaya ba, saboda giya halal ce a dokarsu, kuma kalmarsu ta ƙwaya ta fi karkata ga abin da ɗan sanda ke kamawa. A nan harshenmu ya fi nasu gani. Bahaushe ya ce shaye-shaye, ya ce maye, ya ce buguwa, duk kalmomin suna duban mai sha da abin da ya same shi, ba su damu da ko hajar tana da rajista ba. Mai shan sholisho a bakin kasuwa da mai kurɓar benilin a bayan mota da mai dafa zaƙami da wanda giya ta kayar a kwata, suna ɗaya ya tattara su. Malamanmu ma tun da can gushewar hankali suka riƙa a matsayin dalilin hukunci, ko da me aka gusar da shi. Da wannan idon, The Lost Weekend ya fi Scarface zama fim ɗin ƙwaya nesa ba kusa ba, duk da babu ƙwaya ko guda a cikinsa.

Ma'aunin nawa yana da inda yake yoyo, kuma ɗalibin ne ya nuna mini. Ya kawo Traffic na Steven Soderbergh, na shekarar 2000, inda Michael Douglas ya fito a matsayin alƙalin da aka naɗa ya jagoranci yaƙin gwamnatin Amurka da ƙwaya, ashe 'yarsa ta cikinsa ta yi nisa a sha. Rabin fim ɗin fatauci ne da cin hanci a kan iyakar Meziko, rabi kuma uba ne yana bin lunguna yana neman 'yarsa. Ya ce, "Malam, wannan fa a ina zan sa shi?" Na ce ya sa shi a tsakiya ya rubuta dalili, ai don haka ake ba da digiri.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce wadda iyaye ke yi, ba ruwansu da rabe-raben malamai: shin nunawa koyarwa ce? Masu cewa a hana gaba ɗaya ba wawaye ba ne, suna da hujja. A 2012 rahoton Babban Likitan Gwamnatin Amurka ya yanke cewa akwai alaƙar sababi tsakanin ganin shan taba a fina-finai da fara shanta a tsakanin matasa. Indiya ta tilasta sa gargaɗi a kan allo duk lokacin da wani ya kunna sigari, har Woody Allen ya fasa sakin fim ɗinsa Blue Jasmine a can a 2013 don bai yarda a rubuta masa komai a kan hotonsa ba. Mu ma a watan Mayun 2024 hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta sanar da ƙa'idar hana tallata shan taba da ƙawata shi. Idan karan sigari a leɓen jarumi na iya jan yaro, ba na jin akwai mai cewa hoda a kan teburin gilashi, ga mata ga motoci, ba ta jan kowa.

Misalin da ya fi damuna ma daga fina-finan da muka taso da su yake. Duk wanda ya yi zamanin sinima a Kano ko Kaduna ko Jos ya san yadda fim ɗin Indiya ya zama ɗan gida. A 1971 Dev Anand ya yi Hare Rama Hare Krishna, labarin wani da ya bi ƙanwarsa har Katmandu ta Nepal inda ta faɗa cikin 'yan hippi masu busa wiwi. Manufar fim ɗin gargaɗi ce, kuma ƙarshen yarinyar mutuwa ne. Amma me duniya ta riƙe? Waƙar Dum Maro Dum, da muryar Asha Bhosle da kiɗan R. D. Burman, da Zeenat Aman tana rangaji cikin hayaƙi. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, waƙar na nan a bakin mutanen da ba su san ma yarinyar ta mutu ba. Haka Tony Montana: ya ƙare a kife cikin kwarmin ruwan gidansa jina-jina, amma hoton da samari ke mannawa a shagon aski shi ne na farar kwat da bindiga. Mai shirya fim na iya ajiye wa'azinsa a minti biyar na ƙarshe, ɗan kallo kuma ya tashi da abin da ya yi masa daɗi a tsakiya.

Sai dai wa'azi tsagwaronsa ma an gwada shi, kuma sakamakon abin dariya ne. A 1936 wata ƙungiyar coci a Amurka ta ɗauki nauyin wani fim mai suna Tell Your Children, wanda daga baya aka sani da Reefer Madness. A cikinsa zuƙa ɗaya ta wiwi kan mayar da ɗalibi nagari mahaukaci mai ƙyaƙyata dariya, daga nan sai kaɗe mutum da mota, sai kisa, sai faɗowa daga bene. A farkon shekarun 1970 masu fafutukar halatta wiwi suka tono shi, suka riƙa nuna shi a jami'o'i a matsayin fim ɗin barkwanci, 'yan kallo na busawa suna shewa, kuɗin ƙofa kuma na tafiya asusun fafutukar. Fim ɗin da aka yi don tsoratarwa ya koma tallan abin da yake tsoratarwa a kai. Dalilin a fili yake. Yaron da ya ga abokinsa ya sha bai haukace nan take ba, ya gama yanke hukuncin cewa manya maƙaryata ne, kuma ranar da suka gaya masa gaskiya game da abin da ya fi wiwi haɗari ba zai saurara ba.

Shi ya sa nake ganin Trainspotting na Danny Boyle, 1996, ya fi gaskiya, ko da yake ba fim ba ne da zan ce a kunna gaban yara ko surukai. An ɗauko shi daga littafin Irvine Welsh na 1993, a kan wasu samari marasa aikin yi a Edinbura ta Sikotland. Tun daga farko jarumin ya amsa cewa abin akwai daɗi, in babu daɗi wa zai yi? Wannan amsawar ce ta fusata mutane, har Bob Dole, ɗan takarar shugabancin Amurka a wannan shekarar, ya zargi fim ɗin da ƙawata hirowin, daga baya ya amsa cewa bai ma kalle shi ba. Da ya kalla da ya ga jaririya ta mutu a gadonta manya na kwance a buge a ɗakin da ke kusa, da ya ga abin da uwar ta fara nema bayan ta gama kururuwa shi ne a yi mata allura. Da ya ga Tommy, wanda shi ne mai lafiyar cikinsu, ɗan motsa jiki da ba ya taɓa komai, ya fara sha bayan budurwarsa ta rabu da shi, ya kamu da cutar ƙanjamau, ya mutu shi kaɗai a ƙazamin ɗaki. Fim ɗin ya sayi amincewar ɗan kallo da gaskiyar farko, shi ya sa gaskiya ta biyu ta shiga.

Requiem for a Dream kuwa, na Darren Aronofsky, shekarar 2000, wanda aka ɗauko daga littafin Hubert Selby na 1978, sau biyu na kalle shi a rayuwata kuma ba na fatan na uku. Mutane kan tuna saurayin da aka yanke wa hannu bayan wurin allura ya ruɓe, da budurwarsa da ta sayar da mutuncinta. Ni uwar nake tunawa. Sara Goldfarb, wadda Ellen Burstyn ta fito a matsayinta, gwauruwa ce mai zaman kaɗaici gaban talabijin. Aka yi mata waya cewa za a gayyace ta wani shiri, ta ɗauko tsohuwar jar rigarta ta ga ba ta shiga, ta je wurin likita ya rubuta mata ƙwayoyin rage ƙiba ko kallon fuskarta bai yi ba. Ba ta taɓa zuwa lungu ba, ba ta san dila ba, da takardar likita take saye. Ta ƙare a asibitin masu taɓin hankali. Duk lokacin da na ji ana maganar matan aure da kodin a garuruwanmu, ita ke faɗo mini a rai.

Nan ne maganar ta iso gida. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye a shekarar da ta gabace shi, ban da giya da taba. Wiwi ce kan gaba da miliyan 10.6, sai magungunan kashe zafi irin su taramol da miliyan 4.6, sai maganin tari da miliyan 2.4. Kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. Mai karatu ya dubi waɗannan alƙaluma, sannan ya tuna ɗan ƙwayar da ya saba gani a fina-finanmu na Hausa tun bayan Turmin Danya a 1990. Kusan kullum namiji ne, gashi a cukurkuɗe, leɓe baƙi, hula a karkace, murya a shaƙe yana jan magana, mazauninsa kango. Ko dai ya zo ya ba da dariya, ko a aike shi ya sari wani, sannan a ƙarshe 'yan sanda su tafi da shi ko malam ya yi masa nasiha ya fashe da kuka ya shiryu kafin a rubuta sunayen 'yan wasa. Ban ce babu irinsa a gari ba, akwai. Amma mutum miliyan goma sha huɗu ba za su shiga kangaye ba, ko an haɗa da na Abuja. Mafi yawansu suna cikin gidaje da shaguna da ofisoshi da azuzuwa, wasu a ajin da nake koyarwa.

Ɗan Yayata yana cikinsu, kuma shekara biyu muka yi ba mu sani ba. Yaro ne mai tsafta, kullum cikin shadda mai guga da turare, ya gama digiri aiki bai samu ba ya koma ɗinki, kuma hannunsa ya yi kyau har ya fi ƙarfin masu kawo masa. A wani azumi, da ɗinkin Sallah ya taru, wani abokin sana'a ya ba shi taramol don ya iya kwana a kan keke. Sallah ta wuce, ƙwayar ba ta wuce ba. Ba ya jan magana, ba ya tangaɗi, sahun gaba yake sallah. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana fizge-fizge, iska aka ce, aka yi kwanaki ana ruƙiyya da hayaƙi. Sai da ya sake faɗuwa muka kai shi asibiti, likitan ya fitar da mu ya yi masa tambaya ɗaya. Da aka gaya wa Yaya, abin da ta ce ba zan manta ba: "Haba likita, dube shi fa. Ɗana ya yi maka kama da ɗan ƙwaya?" Ba ta taɓa zama da mashayi ba a saninta. Kamar da take nufi, a talabijin ta gan ta. Ni ma da nake da digirin digirgir kuma nake koyar da nazarin fim, da wannan hoton nake auna shi duk lokacin da ya zo gaishe ni na ga idonsa ya ɗan yi ja na ce rashin barci ne.

Ban ɗora wa 'yan fim laifin abin da ya same shi ba, su ma a cikin tsoro suke aiki. Tun da aka kafa hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano a 2001, furodusa ya san cewa kuɗinsa na iya narkewa a kan fitowa guda, don haka hanyar da ta fi sauƙi ita ce a mayar da mashayi dodo ko wawa, yadda ba wanda zai ce an ƙawata. Wa zai yarda ya zuba miliyoyinsa a labarin matar aure mai hijabi, 'yar gidan mutunci, da ke aiken almajiri kemis da la'asar? Za a ce ya ci zarafin matan Arewa. Abin da aka ce wa masu Udta Punjab ke nan a Indiya a 2016. Fim ne a kan yadda ƙwaya ta cinye matasan jihar Punjab, da Shahid Kapoor da Alia Bhatt da Kareena Kapoor da Diljit Dosanjh. Hukumar tacewa ƙarƙashin Pahlaj Nihalani ta nemi a yanke wurare kusan casa'in, har da cire sunan jihar, wai ana ɓata mata suna. Masu fim suka garzaya Babbar Kotun Bombay, kotu ta ce a sake shi da yanka guda ɗaya tak, ya fito a watan Yunin wannan shekarar. Masu almakashin ba yaran Punjab suke karewa ba, sunan Punjab suke karewa, kuma na sha jin irin wannan kishin a tarurrukanmu, inda ake fi jin zafin wanda ya faɗa a kan wanda ya sayar.

Alhali mun ga abin da kyamara ke iya yi idan ta nuna abin yadda yake. A ƙarshen watan Afrilun 2018 sashen binciken BBC na Afirka ya saki Sweet Sweet Codeine, wanda 'yar jarida Ruona Meyer ta gabatar, aka ga yadda kwalaben maganin tari ke fita ta bayan gida zuwa kasuwar dare, aka ga matasa ɗaure da mari a wata cibiyar gyaran hali a Kano. Cikin kwana guda gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Shekaru ana rubuta rahotanni ana taron ƙara wa juna sani, hukumar NDLEA na nan tun 1989, amma gani ya kori ji. Ko haramcin ya magance matsalar, wannan wata magana ce, masu sha da yawa sun sauya sheƙa ne kawai. Abin lura dai shi ne wannan ma fim ne, kuma da ma'aunina ya fi duk arba'in ɗin ɗalibina cancantar sunan, ko da yake ba ya cikin jerinsa domin shi a wurinsa fim sai da jarumi da waƙa.

Da ɗan Yayata ya samu sauƙi, bayan ya koma sau ɗaya ya sake fitowa, na zaunar da shi muka kalli Beautiful Boy na 2018, labarin gaske na ɗan jarida David Sheff da ɗansa Nic, inda uban ke kai yaron gidan jinya yana dawowa yana komawa har uban ya koyi cewa ƙaunarsa ba magani ba ce. Na zaɓe shi ne don shi kaɗai na sani da ya ɗauki komawa ruwa a matsayin wani ɓangare na ciwon, bai ɗauke ta ƙarshen labari ba. Ya kalla shiru har ƙarshe. Na tambaye shi ko sun faɗi gaskiya.

Ya ce, "Sun yi ƙoƙari, Kawu. Amma duk fina-finan nan abin yana da kiɗa. Ni ban taɓa jin kiɗa ba." Ya ce abin da ba su nunawa shi ne asuba: ka farka kafin kiran sallah jikinka kamar an yi maka duka, ka lalubi aljihu ka ƙirga abin da ya rage, ka lissafa kuɗin ɗinkin wa za ka taɓa yau da ƙaryar da za ka yi masa jibi, sannan ka zauna a bakin gado kana duban agogo har mai kemis ya buɗe. Gobe ma haka, jibi ma haka, shekara biyu. Ya ce da za a ɗauki wannan yadda yake, ba wanda zai kai minti goma yana kallo.

Na kai wa ɗalibina wannan magana ba tare da na faɗi mai ita ba. Ya rubuta ta a bayan takardarsa. Jerin nasa yanzu ya dawo goma sha ɗaya, ya fitar da Scarface da kansa bayan ya nemo na 1932 ya kalla, ya shigar da The Lost Weekend da na BBC. Daga fina-finan gida kuwa har yanzu bai samo wanda ya tsallake ma'aunin ba, ya roƙi in ƙara masa mako biyu ya ci gaba da nema, na ƙara masa.